Abuja Ga Mai Wucewa: Abin Da Za Ka Gani Idan Ka Yada Zango A Babban Birnin Tarayya

Duk shekara, musamman gab da Sallah da kuma lokacin da 'yan ci-rani ke komawa gida noma, mutanenmu mazauna kudu masu ɗimbin yawa suna ratsa Abuja. Wani daga Agege ko Mile 12 ya taso, wani daga Sabo ta Ibadan, wani daga Shagamu, wani kuma daga Fatakwal ko Anaca. Amma ka tambayi yawancinsu me suka sani a Abuja, amsar ba ta wuce tashar Zuba, ko ta Jabi, ko cunkoson Mararaba. An sauka, an yi sallah, an ci abinci, an canza mota, shi ke nan. Akwai mutumin da ya shekara ashirin yana wucewa ta nan, bai taɓa ganin Masallacin Ƙasa ba sai a talabijin.

Wanda garinsu ke can gabas, kamar Mubi ko Kwaja da ke cikin duwatsun iyakar Kamaru a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, ya san tafiyar mota daga Legas ba ta yini ɗaya ba ce. Dole a kwana a hanya. To tunda zangon ya zama dole, ƙara kwana ɗaya ko biyu a Abuja ba asara ba ce, balle in ana tare da yaran da aka haifa a kurmi, waɗanda ba su san ƙasarsu ba sai a littafin makaranta. Ga bayanin garin, da wuraren da suka cancanci a je, da abin da ya kamata baƙo ya kiyaye.

Yadda aka yi Abuja ta zama babban birni

Legas ce hedikwatar Nijeriya tun haɗewar kudu da arewa a 1914. Bayan yaƙin basasa garin ya cika ya batse, ga ruwa ya kewaye shi ba wurin faɗaɗawa, ga shi yana riƙe da gwamnatin tarayya da ta jiha a lokaci guda. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba lamarin. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku da za ta ce nata ne. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 aka kafa dokar da ta samar da Yankin Babban Birnin Tarayya. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala a Legas, bai ga ko tubali ɗaya na garin ba.

An yanko filin ne daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci, sama da murabba'in kilomita 7,000. Wani kamfanin Amurka ya zana taswirar garin a 1979, sannan wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. Gwamnatin Shehu Shagari ta zuba kuɗi sosai a ginin, amma sai ranar 12 ga Disamba, 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a hukumance. Ba Nijeriya kaɗai ta yi irin wannan ƙaura ba. Burazil ta koma sabon birninta Brasilia a 1960, Kwaddibuwa ma ta ayyana Yamusukuro a matsayin hedikwata a 1983.

Kada baƙo ya ɗauka daji ne ba kowa aka sare. Akwai mutane a wurin tun da daɗewa, mafi yawansu Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro, Gade, Gwandara, Bassa da sauransu. An tashi wasu ƙauyukan, kamar mutanen Wuse da aka mayar Sabon Wuse a jihar Neja, wasu kuma kamar ƙauyen Garki suna nan a tsakiyar birnin har yau. Maganar diyya da filayen 'yan asalin wurin ba ta mutu ba har gobe.

Sunan kuwa na Hausawan Zazzau ne. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yo kudu ya sauka wajen Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Da aka zo gina sabon birni sai aka ɗauki sunan, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Shi ya sa har yanzu ake kiran sarkin wurin Sarkin Zazzau Suleja.

Yadda garin yake a shimfiɗe

Yankin yana da ƙananan hukumomi shida: ta cikin birni da ake kira AMAC, sai Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mai zuwa daga Legas ta Okene da Lakwaja, Abaji zai fara tararwa, sannan Kwali da Gwagwalada. Mai zuwa daga Inugu ta Makurɗi da Lafiya kuwa, ta Keffi da Mararaba zai shigo, ya biyo Nyanya zuwa mahaɗar AYA.

Cikin birnin kansa, unguwanni biyar ne na farko. Akwai tsakiyar gari inda ma'aikatu suke. Akwai Garki, wadda aka raba ta Eriya-Eriya, kamar Area 1 da Area 11. Akwai Wuse, ita kuma an raba ta Zon 1 zuwa Zon 7, ga kuma Wuse 2. Sai Maitama da Asokoro, unguwannin manya da ofisoshin jakadanci. In ka riƙe wannan a kai, ba za ka ɓata sosai ba, domin direban Abuja da Eriya da Zon yake magana, ba da sunan titi ba.

Tsakiyar gari: Masallaci, Majalisa da Dutsen Aso

Wurin farawa shi ne Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984. Ƙubbarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyinsa huɗu ana hango su daga nesa, don haka shi ne alamar da baƙo zai riƙa gane hanya da ita. Bayan wurin sallah, akwai ɗakin karatu da zauren taro a harabar. Ranar Juma'a wurin yana komawa kamar ƙaramar kasuwa, masu huluna da turare da dabino da littattafai suna baje koli a gefen titi. In kana son samun wuri a ciki, ka je da wuri. Wanda ba Musulmi ba ma yana iya shiga ya gani in ba lokacin sallah ba ne, muddin ya yi shigar mutunci. Ba da nisa ba akwai babbar majami'ar Kiristoci ta ƙasa, wadda aka kammala a 2005. Da gangan aka ajiye su biyun kusa da juna a taswirar garin.

Daga nan in ka bi titin Shehu Shagari za ka wuce Sakatariyar Tarayya, ka iso dandalin Eagle Square, inda ake rantsar da shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu tun daga 1999. Gaba da shi ne yankin da ɓangarorin gwamnati uku suke zaune: Majalisar Dokoki ta Ƙasa mai koren ƙubba, Kotun Ƙoli, da Fadar Shugaban Ƙasa. Bayansu duka Dutsen Aso ne a tsaye, tsawonsa kimanin mita 400. A harshen Gbagyi kalmar Aso na nufin nasara, daga nan ne ma sunan Asokoro ya fito.

Fadar Shugaban Ƙasa ba wurin yawon buɗe ido ba ce, kada ma ka gwada ɗaga waya a kusa da shingen sojojin wurin. Majalisa kuwa ana shiga, amma da izini. Akwai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, suna zama daga Talata zuwa Alhamis in ba hutu suke ba, kuma akwai benen da aka keɓe wa 'yan kallo. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tuntuɓi ofishin wakilin mazaɓarka tun kafin ka taso, ka zo da katin shaida. Mutumin Kwaja, alal misali, wakilinsa shi ne na mazaɓar Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu da Maiha, sanatansa kuma na Adamawa ta Arewa. Su mutanen wannan yanki ma suna da hujja ta musamman ta kallon ginin nan a matsayin nasu, domin da ƙuri'a iyayensu suka shigo Nijeriya. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedikwatarsa kuma Mubi.

Sauran gine-ginen da za ka gani daga cikin mota sun haɗa da hedikwatar Babban Bankin Nijeriya, wadda hotonta ke bayan takardar naira 1,000, da dogayen benayen NNPC, da ginin Ma'aikatar Tsaro mai siffar jirgin ruwa, da cibiyar tunawa da Shehu Musa 'Yar'aduwa. A Asokoro kuma akwai hedikwatar ƙungiyar ECOWAS.

Inda za a kai iyali

Millennium Park da ke Maitama shi ne babban lambun shaƙatawa na garin. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila. Fili ne mai ciyawa da itatuwa da rafi, mutane suna zuwa da tabarma da abincinsu. Asabar da Lahadi da yamma, da ranakun Sallah, yana cika maƙil.

Tafkin Jabi kuwa haƙa shi aka yi, amma yanzu ya zama wurin da aka fi zuwa shan iska. Ana hawa kwalekwale da doki, safiyar Asabar kuma masu motsa jiki ke cika bakinsa. Ga katafaren kanti a gefe guda. In za a sa yara a jirgin ruwa, a tabbatar an ba kowa rigar kariya daga nutsewa, kuma a yi ciniki kafin a hau, ba bayan an sauko ba.

A Asokoro, ƙarƙashin Dutsen Aso, akwai gidan namun daji da filin wasan yara na ƙasa. Ko dabbobin ba su burge ka ba, wurin ne za ka ga dutsen kusa da kusa ba tare da wani ya ce maka kai tsaya nan ba. Masu son ƙwallo kuma sai su leƙa babban filin wasa na ƙasa da ke kusa da ƙofar shiga gari ta hanyar filin jirgi. An gina shi don wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar sama da mutum 60,000, kuma a 2019 aka sa masa sunan Moshood Abiola.

Bayan gari: Zuma, Suleja, Ushafa da Gurara

Yini na biyu na bayan gari ne. Dutsen Zuma, wanda kowa ke haɗa shi da Abuja, a gaskiya cikin jihar Neja yake, kusa da Madalla, kan hanyar Kaduna. Curarren dutse ne guda ɗaya, ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da yake zaune a kai. In ka tsaya ta gefen titi ka dube shi da kyau, za ka ga wani abu kamar fuskar mutum, da idanu da hanci da baki. Gbagyi sun daɗe suna girmama shi, kuma sun fake a gindinsa a zamanin yaƙe-yaƙe. Shi ne a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999.

Daga Zuma zuwa Suleja ɗan taƙi ne. A nan za ka ga Abuja ta asali, da fadar sarki da tsofaffin unguwanninta. A nan ne kuma wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wata maginiya daga garin Kwali, ta shiga wurin a 1954, ita ce mace ta farko, aikinta ya kai har Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984, kuma ita ce matar da ke gina tukunya a bayan takardar naira 20. Ka ga ke nan, da naira 20 da 100 da 1,000 a hannu za ka iya koya wa yaro rabin tarihin yankin nan.

Wanda ke son ganin ana ginin tukwanen da idonsa, sai ya nufi Ushafa ta hanyar Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a Agustan 2000. Mata ne ke aikin, kuma ana sayar da tukwane da kaskon turare da kayan ado. Kusa da wurin madatsar ruwa ta Usuma take, wadda ke shayar da birnin.

Gurara ta fi nisa, tana kan hanyar Suleja zuwa Minna. Ruwa ne ke zubowa daga kan duwatsu, tsawon kimanin mita 30. Da damina ya fi ban sha'awa, ƙararsa kaɗai ta isa, amma lokacin ne kuma ya fi haɗari, kada kowa ya shiga wanka. Da rani ruwan yana ja baya, ana iya sauka ƙasa a zauna. A je da safe a dawo da rana tsaka, kuma a tambayi direbobin tashar Suleja halin da hanya take ciki kafin a kama ta.

Kasuwa, abinci da tsaraba

Kasuwar Wuse ita ce babba a cikin gari, akwai atamfa da shadda da takalma da gwal da kayan abinci, kuma Hausa za ta fisshe ka daga ƙofa zuwa ƙofa. Sai dai wanda ya taso daga Legas ko Anaca kada ya yi wahalar sayen tufafi ko kayan lantarki a nan, yawancinsu daga can aka kawo su, an ɗora kuɗin mota da na haya. Abin da Abuja ta yi suna da shi wajen tsaraba shi ne kilishin Area 1 a Garki. A ɗanɗana kafin a saya, masu sayarwar da kansu za su miƙo maka.

'Yan canji suna Zon 4 a Wuse. Kasuwar kifi tana Kado, ta 'ya'yan itatuwa tana Zuba, Dei-Dei kuma ta kayan gini ce da dabbobi, inda ɗan tireda ko mai harkar shanu daga Mubi ba zai rasa wanda ya sani ba. Abincin gida irin su tuwo, masa da fura ana samunsu a kusan kowace kasuwa da tasha, da sauƙin kuɗi fiye da gidajen abinci na Wuse 2 da Maitama.

Zirga-zirga da abin da za a kiyaye

Abu na farko da zai ba mutumin Legas ko Ibadan mamaki shi ne nisan wurare. An tsara garin ne don mota, abin da kake hange kamar kusa sai ka yi rabin awa kana tafiya a rana. An hana acaɓa a cikin birni tun 2006, zamanin da Nasiru el-Rufa'i ke minista, Keke Napep kuma a unguwanni da bayan gari take aiki. Abin da ya rage shi ne tasi ta haɗaka, wadda suke kira alon, ko shata, ko kiran mota ta waya irin su Bolt. In ku huɗu ne ko biyar, ku yi shatar mota ɗaya na yini, ya fi arha kuma ya fi kwanciyar hankali.

Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. An buɗe shi a 2018, ya tsaya lokacin korona, ya dawo aiki a Mayun 2024. Daga Idu ne kuma jirgin Kaduna ke tashi zuwa Rigasa tun 2016.

Babbar matsalar da baƙo zai kiyaye ita ce 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yawo da mota kamar tasi, da abokansu a ciki kamar fasinjoji. Ka shiga mota a tasha ko inda ake lodi, ba a tsakiyar titi ba, musamman da asuba da bayan magariba. Ka guji mota mai baƙin gilashi, kuma ka tura wa wani naka lambar motar. Katin shaidar ɗan ƙasa ya kasance a aljihunka kullum. Kada ka ɗauki hoto a bariki, ko ofishin jami'an tsaro, ko na jakadanci. Wanda ya zo da motarsa ya tabbatar takardunsa sun cika, ya kuma lura da inda yake fakin. Mai ɗan kayan sayarwa kuma ya sani an hana talla a titunan cikin birni, jami'an kula da muhalli suna kwashe kaya.

Masauki da lokacin zuwa

Otal a Maitama da Asokoro da tsakiyar gari sai mai hali. Masu sauƙi suna Kubwa, Lugbe, Nyanya, Mararaba, Zuba, Gwagwalada da Suleja, inda akasarin ma'aikatan garin ma suke kwana. Illar ita ce cunkoso, musamman hanyar Nyanya da Mararaba, da safe wajen shiga, da yamma wajen fita. Wanda ya sauka a can ya bari sai hantsi ya shigo, ya kuma fita kafin a tashi daga ofis. In kana da ɗan'uwa a garin, ka sanar da shi tun da wuri, domin ɗaki a Abuja tsada gare shi, ba kowa ke da wurin saukar baƙi ba.

Damina tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, lokacin garin kore shar, duwatsu sun fito fes. Disamba da Janairu hunturu ne, akwai sanyi mai daɗin yawo amma hazo kan rufe duwatsun. Fabrairu da Maris zafi ne sosai. Mafi dacewa shi ne ka shigo ranar Alhamis, ka leƙa Majalisa in ka samu izini, ka yi Juma'a a Masallacin Ƙasa ka zaga tsakiyar gari, Asabar ka fita bayan gari. Ranakun Sallah da Kirsimeti tituna fayau suke saboda ma'aikata sun tafi garuruwansu, sai dai ofisoshi duk a rufe.

Ci gaba da tafiya

Mai wucewa Adamawa zai samu mota a tashoshin Jabi, Utako, Nyanya ko Mararaba. Hanyar da aka fi bi ita ce Keffi, Akwanga, Jos, Bauchi, Gombe, Numan zuwa Yola, tafiyar yini guda cur, don haka a sayi tikiti tun daren jiya a kama motar farko. Daga Yola zuwa Mubi kimanin kilomita 200 ne ta Song, Gombi da Hong, sannan a nemi abin hawa zuwa Kwaja tun rana ba ta faɗi ba. Mai hali yana iya hawa jirgin sama daga Abuja zuwa Yola ya rage wahala. Masu zuwa Kano, Katsina da Sakkwato kuwa, Zuba ce tasharsu.

Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa a tarar da iyali lafiya.